Injiniya da Akwatinsa Mai Mantuwa

Injiniya dai bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, ko da sunan fakewa daga ruwan sama. Sunan a bakin 'yan layinsu ya same shi, ranar da ya gyara wa mai aski rediyo. Rediyon ya yi waƙa har la'asar, daga nan ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya ce ga garinku nan. Aka liƙa masa sunan don tsiya, shi kuwa da ya gwada ya ga rigar ta zauna masa, ya ƙi tuɓewa.

Dogo ne siriri mai wuyan zalɓe, kullum cikin riga mai guga, da sukundireba mai 'yar fitila a aljihun gaba ko gaisuwar mutuwa zai je. Da sharar shagon mai gyaran rediyo ya fara. Daga nan ya koma bin ma'aikatan kamfanin waya yana riƙe musu tsani, su suna sama suna aiki, shi yana ƙasa yana ba su shawarar da ba su nema ba. Amma kar a ci haƙƙinsa, a gindin tsanin nan ya koyi abu guda: layin waya kamar mutum yake, yana da ranar lafiya, yana da ranar mura.

Fanka ce ta jawo masa arziki. An kira shi ya duba fankar sama a wani ƙaramin reshe na kamfanin kayan gyaran mota, ɗaki biyu da sito a baya. Ya tarar da Manaja da Akawu sun sa wani ɗan akwati a gaba sun yi tagumi kamar masu zaman makoki. Modem ke nan. Ga wanda bai riski zamanin ba, a lokacin kwamfuta ba ta iya magana da 'yar'uwarta ta wani gari sai ta bi ta wayar tarho, akwatin nan shi ne tafinta. Bai kai bulo girma ba, launin toka, da jajayen fitilu a jere kamar idon ɓeraye a rami. In zai kira sai ya yi ƙara, ya yi tsuwwa, ya shaƙe, kamar an rufe kyanwa a garwa. Kullum kafin a tashi aiki sai an tura wa babban ofis odar kayan da suka ƙare. In ba ta je ba, Manaja ya sha zagi ta waya yana durƙusawa a gaban tarho yana cewa, "To, ranka ya daɗe."

Layin ofishin kuwa murarsa ba ta warkewa. Ya bi ta wani akwatin haɗi a bakin kwata, wanda murfinsa ya daɗe da zama faranti a gidan wani, ƙadangaru suka mai da cikin masauki. In ka ɗaga kan tarho sai ka ji shuuu kamar ana suya. Oda takan tashi lafiya ta isa da ƙafa ɗaya, a nemi birki a aiko da madubi, ko ta maƙale a hanya gaba ɗaya.

Injiniya ya sauko daga kan tebur, ya ce a ba shi zuwa gobe. Ya nemi wani tsohon ma'aikacin waya da ya taɓa riƙe wa tsani, ya yi ta saya masa shayi har tsohon ya amayar da abin da ya sani. Abu biyu ne.

Na farko gyaran kuskure. Ka taɓa ganin tsofaffi biyu masu nauyin kunne suna hira ta kan katanga? Wannan ta faɗa, waccan ta ce, "Me kika ce?" a maimaita, har sai magana ta shiga daidai. Haka ake so akwatin nan da ɗan'uwansa na can su yi: a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, a duba kowace, wadda ta lalace a hanya a sake aiko ta. Akwatin ya iya, amma yadda ya fito daga masana'anta rago ne. In ya ji layi da hayaniya sai ya daina tambaya, ya riƙa gyaɗa kai yana karɓar duk abin da ya zo. Sai an kafa masa doka: ko ka tambaya, ko ka ajiye waya.

Na biyu kuwa masu lodin bulo sun san shi. Na ƙasa yana jefowa, na kan mota yana cafewa, in hannu ya cika ya ce, "Dakata!" Kwamfuta ta fi layi sauri nesa ba kusa ba, in ba mai ce mata dakata sai ta yi ta jefowa, bulo yana zubewa ƙasa. Akwatin yana da hanya biyu ta faɗin hakan. Ko ya cusa kalmar a cikin saƙon, inda takan rikice da kayan da ake aikawa, kowa ya tsaya yana jiran kowa har a tashi aiki. Ko kuwa ya yi ishara ta wasu siraran wayoyi biyu na daban da ke cikin igiyar da ta haɗa shi da kwamfuta, kamar mai ɗaga hannu. Ta biyun ce mai kyau, kuma ba a kanta aka ɗora shi ba.

Washegari Injiniya ya zauna, ya buɗe wani baƙin allo a kwamfuta, ya buga layi ɗaya na baƙaƙe da lambobi, da wata alama mai kama da mutum ya naɗe ƙafa ya zauna. Akwati ya amsa. Oda ta tafi, ta isa da ƙafafunta biyu. Manaja ya rungume shi har yana taka masa takalmi. Fankar nan dai ba ta sake juyawa ba har yau.

To a nan gizo ke saƙar. Akwatin yana da 'yar ƙwaƙwalwa. In ka gama saiti ka ƙara baƙi biyu a ƙarshe, mai naɗe ƙafar nan da W, shi ke nan ya haddace, ko an ɗauke wuta ko an kawo. Tsohon ya gaya masa wannan ma. Injiniya ya ji, ya haɗiye, ya kora da ruwa. Da aka ɗauke wuta akwati ya farka bai san ko sunansa ba, aka aika a nemo Injiniya. Aka sake ɗaukewa, aka sake nemo shi. Kafin wata ya mutu an sa masa tebur da kujera a lungu, ya zama ma'aikaci.

"Ciwon mantuwa gare shi, ranka ya daɗe," ya ce wa Manaja, fuskarsa kamar ta likita. "Haka aka ƙera su. Sai da mai tuna musu."

In zai buga baƙaƙen yakan karkata kafaɗa ya rufe allon kamar ɗalibi mai rowar amsa. Akawu, wani gajere mai tumbi da ke ɓoye gyaɗa a aljihun tebur, ya sha miƙa wuya, bai taɓa samun komai ba sai ƙeya.

Aka yi shekara da shekaru a haka. Duk gari in an ɗauke wuta tsinuwa ake yi, shi kaɗai ke sa wa masu wuta albarka a zuci. Sai dai abin da bai lissafa ba, mai gadin ƙofa shi ma ba ya yawo. Wuta ba ta sallama kafin ta tafi, don haka ba shi da halin yin nisa. Da 'yarsa tilo ta haihu a garin da take aure, uwar ce ta tafi ita kaɗai. Da wansa ya rasu, ya je aka binne, ya juyo ko ruwa bai sha ba, dangi suka ƙulla abin a bakin zane. Haƙori ya taɓa kumbura masa kunci kamar ya ɓoye lemo a baki, a haka ya je ofis. Manaja ya nuna shi ga sauran ma'aikata ya ce su yi koyi.

Matarsa tela ce, kekenta a ɗakin gaba kusa da taga, 'yan layi suna ce mata Mai Keke. Ita kaɗai ta san sirrin, don ya taɓa yi mata alfahari da shi wata rana da miya ta yi daɗi.

"Injiniyaaa," takan ce, tana jan sunan kamar roba. "Wai ni tsakanin kai da akuyar nan taka ta ofis, wa ya ɗaure wani?"

"Ke dai yi ɗinkinki. Da akuyar nan kike cin abinci."

"Da kekena nake ci. Kai dai ka riƙe igiya, ka manta ɗaya bakin a wuyanka yake."

Sai ga shi ido ya fara yi wa Mai Keke gardama. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya ta ɗinka wa wani malamin makaranta aljihu a kife, ya zuba makulli ya ji shi a ƙasa. Masu kawo ɗinki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da faɗa ba. Likita ya ce yana ce a idanu biyun, sai aiki, a babban asibitin ido na wani gari, kuma ba a karɓar mutum sai da mai jinya. 'Yar tana da goyo ga tsohon ciki. Dangi kuwa, ai an san abin da ke bakin zanensu.

Ranar ba ta ja sunansa ba.

"Malam," ta ce, "ban taɓa roƙonka ka bar akwatin nan don kaina ba. Yau na roƙa. Ko ƙofar bayi sai na lalubo."

Ya je wa Manaja da maganar, yana murza hula a hannu.

"Hutu? Kai da hutu, Injiniya? To akwatin fa?"

"Kwana biyu ne, ranka ya daɗe."

"Kwana biyun nan masu wuta sun yi maka alkawari ne? Ka koya wa Akawu, ka tafi ko wata guda ne."

Akawu ya ajiye gyaɗa, ya goge hannu a wando, ya zaro biro. Injiniya ya kalli biron nan kamar wuƙar yanka. Abin da ya shiga kan Akawu ya shiga ke nan, ba mai fitar da shi. Abin da ya shiga kan akwati kuwa, in ya dawo sai ya goge, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

"Bari in gwada wata dabara tukuna," ya ce. "Akwai wani ɗauri da ake yi masa na wucin gadi. Yakan riƙe kwana kaɗan sannan ya warware."

"Ka ji! Da can ina dabarar take?"

"Tana wahalar da shi ne, ranka ya daɗe. Ba a yawaita ta."

Ya karkata kafaɗa, ya buga layinsa, ya tsaya. Ya waiwaya ya ga ba mai leƙe. Ya ƙara baƙi biyun.

A asibiti kwana biyu ta haifi 'ya'ya. Aka ce sukarinta ya hau, sai ya sauka. Da ya sauka aka yi ido ɗaya, aka ce na biyun sai na farko ya warke. Injiniya ya shimfiɗa kwali a baranda ya tare. A faɗi gaskiya ko da ta maƙwabci ce, ya yi jinya. Shi ke riƙe hannunta zuwa bayi, shi ke wanke mata kwano, in zai ɗiga mata magani hannunsa ba ya motsi ko kaɗan, har wata nas ta ce, "Baba, ko mu ba ka farar riga ne?" Amma duk sanda fitilar asibiti ta yi ƙifta sai hankalinsa ya koma kan akwati. Yakan je shagon buga waya da ke bakin ƙofa ya kira ofis.

"Lafiya lau, Injiniya," in ji Akawu, ana jin ƙarar gyaɗa a bakinsa. "Kar ka damu da mu sam. Ka kula da mai jiki."

Da gobara aka ce masa an yi, da ya fi samun barci.

Ranar da aka kwance mata bandeji na ƙarshe, Mai Keke ta ƙura masa ido ta daɗe, sannan ta ce, "Kai, Malam! Haka ka tsufa ba ka gaya min ba?" Ya yi dariya, rabonsa da irinta an jima. Ya kawo ta gida, ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya nufi ofis yana maimaita yadda zai goge abin kafin kowa ya ankara.

Manaja ya tarbe shi da fara'a, har da ba shi kujerar baƙi.

"Zauna, zauna. Ya mai jiki? Madalla. Akawu, kashe soket ɗin nan."

Akawu ya kashe. Idon ɓerayen suka mutu.

"Kunna. Tura oda."

Akwati ya yi ƙara, ya yi tsuwwa, ya shaƙe, oda ta wuce sumul.

"Sake."

Aka sake. Ta sake wucewa.

"Tun da ka tafi kullum sai mun yi wasan nan," in ji Manaja. "Ɗaurin wucin gadin nan naka ya ƙi warwarewa."

"Wani lokaci yakan daɗe, ranka ya…"

"Na tambayi mai kula da na babban ofis. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce baƙi biyu ne." Fara'ar ta zube daga fuskarsa kamar an kwance zane. "Shekara nawa, Injiniya? Ni da nake yawo da kai a baki, ina cewa Allah ya ba ni ma'aikacin da ko ciwo ba ya kwantar da shi. Ashe gadin ƙaryarka kake yi."

"Ranka ya daɗe, ni na gyara shi. Kafin in zo birki kuke nema a aiko muku madubi."

"Ka gyara, ranar farko. Ranar farko kuwa an biya ka ladanka. Je ka kwashe kayanka. Don darajar mai jiki ba zan ɗaga maganar ba."

Manaja ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa. Akawu, ko don kunya ko don gyaɗa ta ƙare, ya fita waje. Aka bar Injiniya shi da akwati. Kayan nasa ba su fi kofi da tsumman goge tebur ba. Ya tsaya yana kallon fitilun. Na babban ofis ya san baƙi biyu, in ji Injiniya a ransa, amma bai san murar layin nan ba. Ya buɗe baƙin allo, ya mai da akwatin yadda uwarsa ta haife shi, ba tambaya, ba ɗaga hannu. Sannan ya ƙara baƙi biyun nan, don ya haddace jahilcin da kyau.

A gida ya ce an ƙara masa hutu.

"Idona ya buɗe, Malam," in ji Mai Keke. "Kar ka yi min ƙaryar makafi."

"To sun kore ni. Amma ki zuba ido, tunda kin samu. Kafin jibi za ki ga Manaja a ƙofar nan yana sallama da ƙaramar murya."

Ya fitar da benci ƙofar gida. Kullum da safe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya soke sukundireba, ya zauna yana fuskantar bakin layi. Ya tsara abin da zai ce tsaf. Ba zai tashi ba. Zai bar Manaja a tsaye a rana tukuna, sannan ya ce yana da uzuri, a dawo gobe.

"Injiniya, yau ofis ya dawo ƙofar gida ne?" mai aski ya ɗaga murya daga shagonsa.

"Baƙi nake jira."

"Manya ne ke nan, tunda har da guga. In sun zo ka turo min su in rage musu suma."

Jibi ta zo ta wuce. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ke cika akwatin ƙadangarun nan taf, Injiniya ya kalli sama ya yi murmushi, ya ce yau kam sai sun zo. Ba su zo ba. Rigunan guga suka ƙare, ya koma kan ta farko.

Sai wata ranar da hantsi babbar motar kamfanin ta tsaya a bakin layi ta toshe hanya. Direban da ke ɗauko musu kaya daga babban ofis ya diro, wani ƙato mai muryar ganga, da baƙar leda a hannu. Injiniya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya mai da fuska gefe yana nazarin bango.

"Injiniya manya! Ana shan iska?"

"Manaja ne ya aiko ka? Ka ce masa ƙafarsa ba ta karye ba."

"Shi ya aiko ni kam." Direba ya zura hannu a leda ya zaro akwatin, igiyarsa tana reto kamar wutsiya. "Ya ce a kawo maka abinka, ku ƙarasa mantuwar tare."

Ƙafar Injiniya ta sauko da kanta.

"Oda fa? Da me kuke turawa?"

"Oda? Ai washegarin korarka abin nan ya haukace. Akawu ya yi ta fama har ya jiƙe da gumi, Manaja yana neman lambar na babban ofis. Sai na ce, wai ni ba can nake zuwa kullum da sassafe ba? Ku sa min ita a faifan kwamfuta mana. Yanzu a aljihu nake kai ta, in miƙa, in sha shayi, su loda min kaya. Ba tsuwwa, ba mura. Manaja cewa ya yi da ya sani da tuni."

"In faifan ya lalace a hanya fa? Wa zai duba? Wa zai ce a maimaita?"

"Biyu suke ba ni," in ji Direba. "In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. A gaida mai jiki!"

Ya dangwara masa akwatin a cinya, ya koma ya tayar da mota, ya bar layin da hayaƙi. Mai aski, wanda ya tsaya da almakashi a sama bai rasa ko kalma ɗaya ba, ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskar Injiniya, ya fasa. Abin da ba a taɓa gani ba ke nan a layin.

Injiniya ya shiga gida da akwatin a hammata. Gidan ko layin tarho babu, bare abin da za a kira. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin gaba yana neman inda zai ajiye. Mai Keke ta shimfiɗa yadi a kan tebur za ta yanka, masu ɗinki sun fara dawowa, iska kuwa tana shigowa ta taga tana ɗaga mata gefe ɗaya.

"Miƙo min abin nan."

"Ba dutse ba ne."

"Na gani. Yanzu ina gani. Miƙo."

Ya miƙa. Ta danne kusurwar yadin da shi, ta gyara masa zama, ta ɗauki almakashi.

"Kai, ya ma fi dutsen zama daidai," ta ce. "To kar ka tsaya min a haske. Riƙe min wancan gefen."

Ya riƙe.